Ɗigo Biyu na Jan Farce

"Ku sake shi! Don Allah ku sake shi, ba abin da ya yi!"

Ba ta san lokacin da ta baro keken ɗinki ba. Takalmi ƙafa ɗaya, tef ɗin awo na lilo a wuyanta, haka Tela ta keta taron da ya cika bakin layi. Tela kowa ke ce mata tun tana 'yar sha biyar da ta fara taka keke, yanzu ga ta da shekara ashirin da ɗaya, sunan ya bi ta.

A ƙasa 'yan sanda suka durƙusar da shi, hannayensa a baya. An zazzage jakarsa a kan titi, wuƙaƙe da almakasai sai ƙyalli suke a ranar hantsi. Mutanen unguwa kuwa kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, an samu kallo kyauta.

"Kun gani ko? Wuƙa goma sha huɗu a jakar yaro ɗaya!"

"Ni dama tun da na ga tabon nan na fuskarsa..."

"Sana'arsa ce!" Tela ta faɗa. "Washi yake yi, kowa ya sani! Ke Maman 'yan biyu, waccan ba wuƙarki ba ce? Ba ɗazu kika ba shi da hannunki ba?"

Maman 'yan biyu ta sunkuyar da kai tana gyara goyo, nan take ta zama kurma.

Mai washi ya ɗago ya dube ta. Leɓensa ya fashe, amma sai da ya ƙaƙaro mata murmushi.

"Koma shago, Telata."

"Ba inda zan je!"

Wani hannu ya damƙi tsintsiyar hannunta. Ko ba ta waiwaya ba ta san riƙon. Baba ne, tsohon direban babbar mota, wanda tun da ya ajiye tuƙi ya zama shugaban 'yan sintirin unguwa, da usur ɗinsa a wuya.

"Wuce gida."

"Baba, ka faɗa musu..."

"Ni na kira su," in ji Baba. "Wuce, kafin in saɓa miki a gaban jama'a."

Unguwar ta jima a tsorace, wannan gaskiya ce. A shekara ɗaya an caki yara huɗu, an kuma ji ƙarar bindiga sau biyu a bayan makaranta. Daga nan ne manya suka daina bambance yaro da yaro. In matasa uku suka tsaya suna hirar ƙwallo, sai mata su tsallaka ɗaya gefen titi, masu shaguna su jawo ƙofa. Ko ɗan makaranta ne ya sa hannu a aljihu zai ciro biro, sai ka ga tsohuwa ta rungume jakarta. Su manyan ko kunya ba sa ji, alhali su suka haifi yaran nan.

Ranar Talata da yamma aka tsinci ɗan mai shayi, ɗan shekara sha bakwai, a ƙarƙashin gada, an cake shi a haƙarƙari. Yana asibiti, rai na hannun Allah, kuma da ya farfaɗo cewa ya yi bai ga fuskar kowa ba. Amma an samu wuƙar a cikin kwata, kuma a gindin ƙotarta akwai ɗigon jan farce.

Mutum ɗaya ne a unguwar nan ke ɗiga wa wuƙa jan farce. Mai washi gida-gida yake bi da jakarsa yana karɓar wuƙaƙen da suka dakushe, ya kai shagonsa ya wasa, ya dawo da su kafin mata su ɗora girkin yamma. Gida kusan arba'in yake yi wa aiki, kuma wuƙaƙe kama suke yi da juna. Don kada ya mayar wa wata da ta wata a yi ta tashin hankali, sai ya riƙa karɓar ragowar jan farce a wajen masu gyaran gashi, kowane gida da alamarsa: wannan kore ɗigo ɗaya, wancan shuɗi ɗigo uku. Duk a kansa yake riƙe da lissafin. Kowace mace ta san nata ɗigon, ba wadda ta taɓa damuwa da na maƙwabciyarta.

Sauran aikin ɗan mai gidan da su Tela ke haya ne ya ƙarasa shi. Turare ake ce masa, don ƙamshinsa na riga sallamarsa shiga gida. Shekara biyu yana zarya wajen Tela tana kallonsa kamar allon talla. Shi ya saka hoton wuƙar a gurup ɗin unguwa, ya jera shi da hoton Mai washi rataye da jaka, tabonsa ya fito raɗau tun daga kunne har haɓa. Ko kalma ɗaya bai rubuta ba, mutane suka rubuta masa.

Tela ba ta tsaya kallon hoton ba sai yau. Ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa, ta zauna bakin gado, ta sa yatsu biyu ta jawo hoton kusa.

Ɗigo biyu ne. Ja.

Ta san wannan alamar.

Ta tuna ranar da ta fara kai masa almakashinta, shekara biyu da suka wuce. Ya wasa, ya gwada a kan wani ƙyalle, sannan ya jawo kwalaben jan farcensa yana dubawa.

"Duk launukan sun ƙare, ban san alamar da zan ba gidanku ba."

"To ka bar shi haka mana."

"A'a. Abin da ba shi da alama ɓata yake yi."

Ta lalubo tata kwalbar a jaka, ja mai duhu, ta miƙa masa. Ya ɗiga ɗaya, ya tsaya, ya ƙara ɗaya kusa da shi.

"Me ya sa biyu?"

"Ɗaya zai yi kaɗaici," ya faɗa ba tare da ya ɗago ba, kunnuwansa kaɗai suka nuna kunyarsa.

Tun daga ranar bai taɓa ɗiga wa wani gida ja ba.

Ta miƙe ta nufi kicin. Mama na tsugune tana yanka albasa. Wuƙar da ke hannunta sabuwa ce dal, mai ƙotar roba, gindinta fes babu ɗigon komai.

"Mama, ina baƙar wuƙarmu?"

Hannun Mama ya tsaya.

"Ta ɓata."

"Yaushe?"

"Ke, ba na son titsiye. Wuƙa ce ba ta ɓata?"

"Mama... ranar Talata ta ɓata?"

Mama ta ajiye albasar. Hawayen da ke idonta ba na albasa ba ne. Ta miƙa hannu ta tura ƙofar kicin ta rufe, ta kamo gefen zanen Tela.

"Ki rufa mini asiri, 'yar nan. Ki rufa mini asiri don girman Allah."

"Innalillahi... Auta?"

"Yi ƙasa da murya!"

Auta, ƙanenta, ɗan shekara sha shida. Kwana uku ke nan yana kwance ya juya fuska bango, an ce zazzaɓi ne. Auta da in za a yanka kaza sai ya bar gidan. Ita ta goya shi, ita ta ɗinka masa kayansa na shiga sakandare da ɗinkinta na koyo, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Da jini ya shigo mini," Mama ta faɗa cikin raɗa. "Ni na wanke rigar. Jikinsa rawa yake har yanzu. In ubanku ya ji, wallahi da hannunsa zai kai shi."

"To shi wancan fa, Mama? Wanda suka tafi da shi?"

Mama ta kawar da kai.

"Shi ya saba... ya taɓa shiga. Kuma ba ɗana ba ne."

"Shi ma wata ce ta haife shi!"

"Ni dai wanda na haifa na sani. Ki zaɓa, ko ƙanenki ko saurayi. Saurayi ana sakewa."

Tela ta jingina da bango. Kicin ɗin dama ƙarami ne, yau sai ta ji ko iskar shaƙa babu a cikinsa.

Washegari ta yi wa Baba ƙaryar za ta sayo zare, ta wuce ofishin 'yan sanda. Sai da ta yi awa biyu a kan benci kafin a fito mata da shi bayan kanta, aka ce minti biyar.

Kwana ɗaya kacal, amma idanunsa sun faɗa.

"Kin ci abinci?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Kai ke tsare, kuma kai ke tambayata abinci?"

"Na san halinki. In ranki ya ɓaci sai ki huce a kan cikinki."

Ta matso, ta rage murya.

"Na ga hoton."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka gane ta, ko?"

"Tun kafin su ciro ta daga leda. Ni na gyara mata tsini da ya karye." Ya saci kallon ɗan sandan da ke rubutu a gefe. "Sun tambaye ni ta wane gida ce. Na ce na manta."

"Kai ba ka mantuwa."

"Jiya na fara."

"Masoyi, ranar Litinin kotu za su kai ka! Da tsohon laifinka a takarda, shekaru za su ba ka!"

"Saurare ni, Telata." Ya dafa kantar da hannu biyu. "Ina sha shida na fara sa wuƙa a ƙugu. Ba don ni mugu ba ne, tsoro nake ji, kullum sai an tare ni a hanya. Ranar da na zaro ta aka yi mini wannan." Ya shafa tabon. "Wata takwas na yi a gidan horon yara. Yau shekara shida da fitowata, ko ƙuda ban kashe ba. Amma kin taɓa ganin wanda ya dubi idona kafin ya dubi tabon? Ke kaɗai ce."

Hawaye suka zubo mata.

"Ni an riga an gama da sunana," ya ci gaba. "Shi nasa da saura. Jarrabawa zai rubuta bana. Ki bar shi ya rubuta."

"To ni fa? Ni ka yi lissafi da ni?"

"Ke ce farkon lissafin, hasken idona. In aka kama shi ta bakinki, Mama ba za ta sake kallonki ba. Ba zan raba ki da uwarki ba."

"Sai ka raba ni da kai?"

Ɗan sandan ya buga biro a kan tebur.

"Lokaci ya yi."

"Ki yi mini alkawari," Mai washi ya faɗa ana jansa. "Telata! Ki yi mini alkawari!"

Ba ta yi ba. Ba ta kuma ce a'a ba. Ta fito rana na dukanta, ta rasa ko dama za ta bi ko hagu.

Ranar Asabar tana shago, ta ɗinke hannun riga a baibai sau biyu tana farkewa, sai ƙamshi ya cika wurin. Ta san ko waye tun kafin inuwarsa ta faɗo kan keke.

"Gimbiya, irin wannan rama haka?" Turare ya ja kujerar kwastoma ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Kan ɗan daba kike neman kashe kanki?"

"In ɗinki ka kawo, ajiye. In ba shi ba, ga hanya."

Ya yi dariya yana juya makullin mota a yatsa.

"Kin san daga barandar samanmu ana hango gada tsaf? Ranar Talata ina zaune ina shan iska. Sai na ga wani yaro ya fito a guje, rigar makaranta duk jini. Gudunsa ma irin na gidanku ne."

Ƙafarta ta zame daga kan keken.

"Ka gani... kuma ka saka hoton wani?"

"Taimakonku na yi. Wa zai so a ce ƙanen matarsa na gidan yari?" Ya sunkuyo, ƙamshin ya shaƙe ta. "Bakina a rufe yake, Gimbiya. Makullin na hannunki. Baba dama ya daɗe da amincewa da ni, ke ce kike ja. Ki ce to kawai, magana ta mutu har abada."

"In na ƙi fa?"

"Sai in tuna abin da na gani."

Ya tashi ya karkaɗe wandonsa kamar kujerar ta ɓata shi, ya fita.

Tela ta daɗe tana kallon allurar keke. In ta yi shiru, wanda take so zai tafi kurkuku a kan laifin da bai yi ba, ita kuma ta ƙare rayuwa a gidan mutumin da ke riƙe da wuyan ƙanenta, duk ranar da ta ɓata masa ya matsa. In ta yi magana, ita ce za ta miƙa Auta. Ta juya abin ta kowace fuska, ba ta ga ƙofa ba. Ta kifa kai a kan keken ta yi kukan da ta kwana biyu tana dannewa.

Da ta koma gida ta shiga ɗakin Auta. Yana nan yadda yake, fuska a bango. Ta zauna a gefen katifar.

"Autan Mama."

Bai juyo ba.

"Na sani."

Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Yaya, wallahi ba niyyata ba ce... Tsorata su ɗan mai shayi kawai na so in yi. Sau biyu suna ƙwace mini waya, ran nan har takalmi suka cire mini na dawo ba takalmi. Da na zaro ta sai ya yi dariya ya rungumo ni, muka faɗi... Ban san ta shiga ba sai da na ji ɗumi a hannuna."

"Me ya sa ba ka faɗa wa Baba ana tare ka ba?"

"Na faɗa."

Ta rufe ido.

"Yaya, ya mutu?"

"Bai mutu ba. An ce yana samun sauƙi."

"Shi Mai washi fa? Shi ne fa yake raka ni in tsallake gadar in ya gan ni. Ran nan ne kawai bai zo da wuri ba." Ya juyo, idanunsa sun kumbura suntum. "Ba na iya barci, Yaya. Da na rufe ido sai in gan shi a durƙushe."

Ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta kamar lokacin yana ƙarami. Ba ta ce masa yi kaza ko bar kaza ba.

Lahadi da la'asar Baba na zaune a falo da tabarau a karan hanci, yana rubuta jawabin da zai yi a taron unguwa. Yana rubutu yana karantawa a fili, don Baba na son jin muryarsa.

"Na ɗaya, duk matasan da suka haura uku a wuri ɗaya, a watsa su. Na biyu, iyaye su san abin da ke aljihun 'ya'yansu, don yaro ba ya lalacewa sai da sakacin gida..."

Tela ta shigo da faranti ta ajiye a gabansa. Ya miƙa hannu yana zaton shayi ne, ya tsaya.

Almakashinta ne a kai, da 'yar wuƙar feraye, da wuƙar nama, da ƙaramin almakashin da Baba ke gyara gemu da shi.

"Mene ne wannan kuma, Uwata?" Haka yake kiranta in yana cikin daɗin rai.

Ta durƙusa.

"Baba, ka duba gindinsu."

Ya ɗauki ɗaya ya juya. Ya ɗauki na biyu.

"To? Shirmen yaron nan ne. Ai shi ya kama shi."

"Kowane gida da nasa launin, Baba. Na Maman 'yan biyu kore ne. Na mai kifi shuɗi. Ja... gida ɗaya ne ke da ja a unguwar nan." Ta ɗago ta dube shi. "Ka buɗe hoton da aka saka a gurup."

"Ke 'yar nan!" Mama ta fito daga kicin a firgice, ludayi a hannunta. "Ki yi shiru! Na haɗa ki da Allah ki yi shiru!"

Baba ya dubi Mama. Ya dubi Tela. Sannu a hankali ya ciro wayarsa, ya gyara tabarau, ya kai ta kusa da fuska.

"Ina baƙar wuƙar gidan nan?" ya tambaya a hankali.

Mama ta sunkuyar da kai.

"Na ce ina take!"

"Ni na ɗauka, Baba."

Auta ne a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya sa kayan makarantarsa, har da takalmi, ya ɗaure igiya.

Mama ta saki ludayin ta zube a ƙasa tana salati.

"Kai?" in ji Baba. "Kai, Auta? Ɗana? Me ka rasa a gidan nan da za ka zama ɗan daba?"

"Ba ɗan daba ba ne ni. Tsoro nake ji." Hawaye na bin kumatunsa. "Na faɗa maka ana tare ni a gada, sau biyu. Ka ce ni namiji ne, kada in sake kawo maka ƙara kamar mace."

Baba ya dubi takardar jawabinsa da ke kan cinya, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ninke ta huɗu ya tura a ƙarƙashin farantin. Tela ba ta taɓa ganin tsufansa ba sai a wannan lokacin.

"Shi yaron... ya san ta gidan nan ce?"

"Tun ranar farko, Baba."

"Kuma bai faɗa ba?"

"Cewa ya yi ya manta. Har roƙona ya yi in yi shiru."

Baba ya cire usur ɗin daga wuyansa ya ajiye a kan tebur. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Ka ji tausayina, Baban yara!" Mama ta kama ƙafarsa. "Shi ke nan mini namiji!"

"Ina jin tausayinki," ya faɗa. "Amma ɗan mutane na can a kulle, kuma ni na kai shi." Ya miƙa wa Auta hannu. "Zo mu je. Ba zan sake ka ba, tare za mu shiga."

Da la'asar ɗin, a idon kowa, suka ratsa layin, uba riƙe da hannun ɗansa. Wayoyi suka sake tashi sama. Turare na tsaye a barandarsa, abin da yake taƙama da shi ya tashi a banza, sai ya shige ciki ya ja labule.

Aka saki Mai washi ranar Litinin. Ɗan mai shayi ya warke, kuma da ya ji Auta ya kai kansa, shi ma ya faɗi gaskiyar tare hanyar da suke yi. Aka yanke wa Auta wata goma a gidan horon yara. Jarrabawar bana ta wuce shi.

Kada ku ce daga nan komai ya yi daɗi. Mama ta ɗauke wa Tela magana ɗungurungum. Gida ɗaya, kicin ɗaya, in Tela ta gaishe ta sai ta amsa wa bango. Mutanen unguwa kuwa, waɗanda suka fasa masa gilashin shago yana tsare, ba wanda ya zo ya ce yi haƙuri. Kunya ta hana su kawo masa aiki, sai suka mayar da kunyar ta zama gaba. Mai washi ya riƙa buɗe shago kullum yana zama, dutsen washinsa a bushe.

Shi kansa sai da ya yi mako bai yi mata magana ba.

"Na roƙe ki," ya ce ranar da ta gaji ta same shi a shagon. "Yanzu ga shi kin rasa ƙane, kin rasa uwa."

"Ban rasa Auta ba. Na je ganinsa jiya, ka san me ya ce? Ya ce yanzu yana barci." Ta share ido da gefen mayafi. "Kuma kai da kake ta rabon sadaukarwa, wa ya ce maka kai kayan sadaka ne? Nawa ne kai. Ban ba da kai ba."

Ya dube ta, ya kasa riƙe fushin, dariya ta ƙwace masa har da ƙwalla.

"Bakinki ya fi duk abin da na taɓa wasawa kaifi, Telata."

Bayan kwana arba'in, wata safiyar Asabar, Tela na shirin fita ta ga Baba a kicin, wurin da bai taɓa takawa ba, yana tattara wuƙaƙen gidan a cikin tsumma. Ya ce ta biyo shi.

Haka dattijon ya ratsa layi rungume da wuƙaƙe, tsininsu a waje. Ba wanda ya tsallaka titi, ba wanda ya ɗaga waya. Shi ma ya lura. Ya girgiza kai.

Mai washi ya miƙe tsaye da ya gan su.

"Sannu da zuwa, Baba."

Baba ya ajiye ƙunshin a kan teburin aiki. Ya ɗan jima yana kallon fuskar saurayin, kuma Tela ta lura idonsa yake kallo.

"Sun dakushe," in ji Baba. Ya yi gyaran murya. "Ni ma na dakushe, yaro. Na zalunce ka a gaban jama'a, don haka a gaban jama'a na zo. Ka yafe mini."

"Ba komai, Baba, wallahi ya wuce."

"Bai wuce ba, amma na gode. In ka gama aikin ka kawo su gida da kanka. Ka zo da kawunka, akwai maganar da ta daɗe tana jira."

Tela ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mai washi ya kwance tsumman, yana jera su ɗaya-ɗaya. Almakashi. Wuƙar nama. 'Yar wuƙar feraye. Sai ya tsaya. A ƙasan ƙunshin akwai wata mai ƙotar roba, sabuwa, ko dakushewa ba ta yi ba.

"Wannan ban san ta ba. Ta wane gida ce?"

Baba ya leƙa.

"Ni ban sa ta ba. Uwarku ce ta karɓi ƙunshin ta ɗaure."

Tela ta sauke mayafin. Ta san wuƙar. Ita ce wadda Mama ta sayo don ta rufe gurbin baƙar.

"Ba ta ce komai ba, Baba?"

"Ta ce a faɗa wa yaron nan wannan ba ta da alama, kada ta ɓata."

Kuka ya ƙwace wa Tela a nan tsakiyar shago, ba ta ko damu da masu wucewa ba. Mai washi ya jawo aljihun tebur, ya lalubo 'yar kwalbar ja da ta kusa ƙarewa, ya girgiza ta. Ya juya gindin wuƙar, ya ɗiga ɗaya.

Sannan ya miƙa mata kwalbar.

"Ƙarasa, Telata."

Ta ɗiga, nata ɗigon ya ɗan karkace ya taɓa nasa. Ba su goge ba.